Injin Da Yatsuna Biyu Suka Saya

Ku 'ya'yana, na san kun tashi kuna jin ana kiran injin niƙan ƙofar gidanmu da suna Injin Yatsa, kuma na san akwai a cikinku wanda ya sha dambe da sa'o'insa don an ce masa ubansa ya ci kuɗin jini. Kowa ya ba ku labarin nan yadda ya ga dama, ban da ni mai hannun. To, yau ga shi daga wurina. Da hagu nake rubutawa, saboda haka duk wanda ya yi wa rubutun dariya, ni da shi ne.

Kafin inji, ni maɗinki ne, kuma ba na keke ba, na hannu. Babbar riga nake yi wa aiki, aska biyu ko aska takwas, in zauna a rumfar ƙofar gida tun hantsi har la'asar ina bin zane da allura. Ba yabon kai ba, daga Mashi ake kawo mini riga, daga cikin Daura ake kawowa, har daga ƙetaren iyaka. Da allurar nan na auri uwarku Asabe, da ita na ciyar da ku. Gonata kuwa 'yar ƙarama ce a bayan ƙauyenmu, kan hanyar Babban Mutum, gero da wake kawai nake sa mata. Shekarun nan ne aka dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu, duk majalisar da ka zauna hirarta ake yi, rediyo ma ba ta da wata magana. Murna muke yi iyakar murna, amma in gaya muku gaskiya, abin da muka sani game da ita bai wuce hukuncin ɓarawo da rufe gidajen giya ba. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa tana kuma duba wanda aka cuta, ta tambaye shi me yake so.

Da kaka ne abin ya faru, wake ya nuna. Na leƙa gona da hantsi sai na tarar da bijimai biyu na kiwo a tsakiyarta, sun sa kai suna ta kwasar wake kamar an gayyace su. Na Alhaji Tanimu ne, babban dillalin shanu a kasuwar Babban Mutum, ɗansa Sabo ke fita da su, saurayi mai zafin kai wanda ba a taɓa ce masa bari ba. Na ɗauki kara na kora su, na tsula wa ɗaya a gindi. Ban ankara ba sai ga Sabo ya taso daga inuwa da adda a hannu yana zagina. Kaina ya nufa. Na ɗaga hannun dama na kare, Allah ya sa kwanana na gaba, amma babban yatsa da manuniya suka tafi. A asibitin Daura likita ya duba ya girgiza kai, ya ɗinke abin da ya rage. 'Yan sanda suka kama Sabo, ni kuma aka maido ni gida da hannu naɗe kamar kan jariri.

Da ciwon ya fara lafawa, abu na farko da na nema allura ce. Na saƙala ta tsakanin yatsun da suka rage, na kai ta jikin yadi, ta sulale ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Na gwada hagu, ɗinkin ya fito kamar sawun kaza. Masu riguna suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, su yi mini jaje, su karɓi kayansu cikin kunya su tafi. Uwarku ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanukan jerenta, ga damina mai zuwa ban san yadda zan riƙe fartanya ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar addar.

A nan ne aka yi abin da aka saba yi. Alhaji Tanimu ya ɗauko liman da mai gari, da ƙwaryar goro, suka zo ban haƙuri. Ba wurina suka sauka ba, zauren baffanku Yaya Mamman suka shiga, don tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba, bakinsa ne bakin gida. Gidansa da namu katanga ɗaya ce, da 'yar ƙofa a tsakani. A zauren nan muke ciyayya kullum, matarsa Ladi ta kawo kwano, uwarku ta kawo kwano, mu sa hannu tare. Aka kira ni na zauna a gefe. Liman ya yi nasiha, Alhaji ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, sai Yaya ya gyara murya.

"Alhaji, ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Mu a gidan nan ba a taɓa cin kuɗin jini ba. Mahaifinmu aka fasa wa ido a rigimar rijiya, ya ce ya bar wa Allah, ko allura bai karɓa ba. Mun yafe, duniya da lahira."

Aka yi ta sa masa albarka, aka shafa fatiha, ni ma na ɗaga hannu ɗaya da rabi na shafa. Ban ce uffan ba, don ƙani ba ya magana a kan maganar wansa a gaban baƙi. Aka raba goro, na shiga gida da nawa kason, na miƙa wa uwarku. Ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, shi za mu dafa wa yaran?"

Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ba. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Da yake 'yan sanda sun riga sun kai ƙara kotun shari'a ta yankinmu, dole a je a gaya wa alƙali an sasanta. Yaya ya sa babbar rigarsa, wadda ni na yi wa aiki, muka tafi, ina biye da shi. Kotun cike take, don a lokacin mutane zuwa suke yi kallon shari'a kamar ranar kasuwa. Alƙalin wani siririn dattijo ne mai tabarau, maganarsa a hankali. Da aka kira ƙara, Yaya ya miƙe ya maimaita jawabinsa na zaure, har da idon mahaifinmu. Alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya leƙo ta saman tabarau.

"Malam, kai aka sara?"

"A'a, Allah gafarta Malam, ƙanena ne. Ni ne babba a gidan."

"Allah ya ƙara girma. To, nuna mini hannuwanka."

Yaya ya ɗaga su, yatsu goma cif.

"Naka lafiya lau suke. Ina mai hannun?"

Na miƙe. Alƙali ya ce in matso, ya sa na kwance ƙyallen, ya duba da kyau, abin da babu wanda ya yi a zauren ban haƙuri. Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla, yadda ko yaro zai gane. Ya ce hanya uku ce a gabana. In na so, in nemi ƙisasi, a yi wa Sabo kamar yadda ya yi mini. In na so, mu yi sulhu a kan diyya, a biya ni. In na so, in yafe, ladana yana wurin Allah. Ya ce duka ukun halal ne, wanda ya karɓi diyya bai ci haram ba kuma bai yi abin kunya ba, amma zaɓin nawa ne ni kaɗai, ba na wana ba, ba na mai gari ba, ba nasa ba shi alƙali. Ban san lokacin da tambaya ta kuɓuce mini ba.

"Allah gafarta Malam, wai shi yatsa, nawa ne diyyarsa?"

"Raƙumi goma."

"Duka biyun?"

"Kowanne."

Kai! Kotu ta ɗauki salati. Wani tsoho a baya ya fara ƙirga yatsunsa da ƙarfi, sai da ɗan sanda ya tsawata masa. Raƙumi goma! Ni da ko jaki ban taɓa mallaka ba, ashe shekara da shekaru ina yawo da garke a tafin hannu ban sani ba. Na sake tambaya ko na mai kuɗi da na talaka duk kuɗinsu ɗaya. Ya ce ɗaya ne, da yatsan Alhaji da nawa babu bambanci. Wallahi 'ya'yana, wannan maganar ta fi raƙuman daɗi. Tun da aka sare ni ake ce mini in yi haƙuri, kamar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ranar nan ce aka fara gaya mini cewa abin da na rasa abu ne mai daraja, kuma tun kafin a haife ni aka yanka masa ƙima.

Na ji ana jan gefen rigata. Yaya ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Haruna, kada ka kunyata ni. Na riga na yi magana a gaban liman."

Na dube shi. Mutumin nan shi ya goya ni, shi ya kai ni wurin mai koya mini ɗinki, ban taɓa tsallake maganarsa ba. Sai na tuna allurar nan tana sulalewa, na tuna goron da ke hannun uwarku. Na juya wurin alƙali.

"Allah gafarta Malam, ƙisasi dai ba na so. Me zan yi da yatsun Sabo? Ko an ba ni su, ba su iya ɗinki ba."

Aka fashe da dariya, har alƙali ya kare baki da hannu.

"Amma ban yafe ba. Ina da 'ya'ya. Diyya nake so."

Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina irin na lokacin ba, ji nake kamar in yi tsalle. Da na waiga, Yaya ya riga ya kai ƙofa, bai juyo ba.

Raƙuma dai ban gan su ba, kada ku je kuna nema. Alhaji Tanimu ya rantse ko an sayar da shi ba zai iya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Aka zauna sulhu a gaban alƙali, aka ja aka saki, muka daidaita a kan bijimai huɗu, ni na amince da bakina. Na kafa sharaɗi ɗaya, dole a sa biyun nan da suka ci mini wake a ciki. Shi kuma Sabo kotu ta yi masa nata hukuncin, ya yi zaman gidan yari. Ranar da aka koro bijiman nan zuwa ƙofar gida, ƙauyenmu kaf ya fito. Uwarku ta rangaɗa guɗa, ta manta da kunya, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, sai zagaya su nake ina shafa tozo da hagu. Na tsaya gaban wanda na tsula wa kara na ce masa, ka ci wakena, yau ga ka a hannuna. Mashawarta kuwa suka yi mini caa. Wannan ya ce in tafi Makka, wancan ya ce in sayi babur, wani ya ce in shiga fataucin shanu. Uwarku ta bari suka watse, sannan ta ce ita dai abin da ta sani, duk matan ƙauyen nan ko dai su yini a kan turmi, ko su ɗauki hatsi a ka har Babban Mutum. Kuma zuba dawa a inji ba ya bukatar babban yatsa. Na ce mata, Asabe, da ke namiji ce da ke za a ba alƙalanci.

Na sayar da bijiman, na nufi Daura, shagon wani Inyamuri mai suna Chidi da ke sayar da injuna da kayan gyara kusa da Kusugu. Da ya ga hannuna ya ji labari, sai ya riƙe kai.

"Maigida, a kan wake? Allah ya isa! Zo ka ga wannan, ba ya ba da wahala. In ya lalace ka aiko, ni da kaina zan zo."

Kuma ya cika alkawari, shi ya ɗauko shi a akori-kura har ƙofar gida, ya kafa shi, ya ɗaura bel. Ranar nan ba a yi aiki a ƙauyenmu ba. Mata sun yi layi da ƙwarya tun inji bai sauka daga mota ba. Chidi ya nuna mini yadda ake murza hannun tayarwa, na kama da hagu na murza, ya yi tari ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Na cire riga, na yi bisimilla, na murza da duk ƙarfina, sai ya ɗauka, ƙasa na girgiza, baƙin hayaƙi ya tashi sama. Kaji suka watse, mata suka ɗauki guɗa, tsohuwar da ta fara zuba dawarta ta ga gari na zubowa sai ta hau rawa. Ni ma na taya ta, ba na ɓoye muku, maɗinki mai iyali yana tiƙar rawa da gari a gemu. Ko dare ba a kai ba, kafin magariba na sayi cefanen gida da abin da hannuna ya samo.

To, amma akwai gidan da bai fito ba. Da yamma uwarku ta aika kwanon tuwo zauren Yaya kamar kullum, aka dawo da shi a rufe yadda ya tafi. Washegari ya sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe 'yar ƙofar da ke tsakaninmu. Ya ce shi da iyalinsa ba za su ci abin da ya fito daga kuɗin jini ba, kuma duk ranar da ƙwayar hatsin gidansa ta shiga injin nan, bai yafe ba. Naman layya in na aika, ya dawo. A masallaci in na gaishe shi ya amsa, don ba ya son zunubin gaba, amma iyakarta ke nan. Na koma cin tuwo ni kaɗai a rumfa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da addar Sabo. Shi Sabo ma da ya fito daga gidan yari, ya zo ya durƙusa, na ce masa na karɓi haƙƙina, yanzu na yafe har zuciya. Da wanda ya sare ni muka shirya, da wanda ya goya ni abin ya gagara. Duk da haka ban taɓa yin da-na-sani ba, don da injin nan kuka ci, kuka yi karatu, aka yi muku aure.

Ita kuwa Ladi, matar Yaya, kun san ta da barkwanci, kuma akwai wasa tsakanina da ita. Ba a daɗe ba, wata rana da azahar Yaya yana gona, sai na ga ƙwarya ta leƙo ta saman katanga.

"Mai raƙuma, karɓi nan. Duk matan gari sun huta, sai ni zan mutu a kan taɓarya don ku biyu kuna taurin kai?"

"Yaya fa? Ai zai ji shiru, ba daka."

"Kai dai niƙa. Wa ya ce maka zai ji shiru?"

Ashe dabara ta yi. Ta ajiye dusa a gefe, in Yaya ya dawo ya zauna a zaure, sai ta zuba ta a turmi ta yi ta lugude, har da tafi da 'yar waƙa, kamar mai aikin gaske. In ta gama, ta ɗauko garin inji ta tuƙa tuwo. Muna jin lugudenta ta katanga, ni da uwarku mu toshe baki kada dariya ta tona mana asiri. Haka aka yi shekaru, dusa ɗaya tana shan duka har ta koma kamar toka, a sake wata.

Sai wata shekara Ladi ta tafi Mashi zaman jegon 'yarta, ta bar wa amaryar ɗansu girki, yarinyar da ba ta san sirrin ba. Ita tsakani da Allah ta daka dawa a turmi ta tuƙa. Ba a yi nisa ba, ina tsaye bakin inji da hantsi, ya mutu ina fama da shi, mata sun yi layi suna ta surutu, sai na ji wurin ya yi tsit. Na ɗago kai. Yaya Mamman ne, ya tsufa, gemu fari fat, rungume da ƙwaryar dawa a gaban matan ƙauye duka. Ya dire ta a gabana.

"Niƙa mini. Ka yi shi da laushi, irin wanda ka saba yi wa Ladi."

Na ce, "Yaya, ashe ka..."

"Haruna, tun ba a haife ka ba nake cin tuwo. Ka ɗauka ban san garin turmi da na inji ba? Tun lomar farko na gane. Dusa take daka, baiwar Allah, ni kuma na bar ta don in samu hanyar haɗiyewa."

Mata suka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya miƙo hannu ya kama damata, ya juya ta, ya daɗe yana kallon gurbin yatsun nan. Tun ranar da aka sare ni, sai ranar ya duba.

"Haka suka yi maka," ya ce a hankali. "Ni kuwa na yafe ban ko gani ba."

Na sunkuya na kama hannun tayarwa da hagu kamar yadda na saba. Ya ture ni gefe kaɗan, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora damarsa a kan haguna. Muka murza tare, bugu ɗaya inji ya tashi. Na gode wa Allah da ƙararsa, don ita ta rufe kukan da nake yi. Da yamma na aika kwanon tuwo zaurensa, na bi bayansa da kaina, na tarar ya riga ya wanke hannu yana jirana.